Fim Mai Kama Ja

Mai shagon ya ɗago daga wayarsa, ya dubi Nabilah kamar ta tambaye shi ƙwan jimina.

"Fim na kyamara? Hajiya, wa ke amfani da wannan yanzu?"

Ta yi godiya ta fito. Rana ta take a kasuwar Utako, masu baro suna ta ihun a ba su hanya, ita kuwa maganar likita ce kawai ke yawo a kanta. Da safen nan, bayan an gama duba mahaifinta, likitan ya ce Baba ya jira a waje, ya kira ta ita kaɗai. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ƙiris, kuma aikin da za a yi masa na rage ciwo ne, ba na dawo da gani ba.

A mota mahaifin nata, Malam Lukmanu, ya tambaye ta me aka ce. Ta ce, "Alhamdulillahi, Baba, sun ce da sauƙi." Ya gyaɗa kai, ya ce to tunda damina ta janye, sama ta wanke, ta taimaka ta samo masa fim.

Tun yana aikin safiyo yake da wannan ɗabi'a. In wata ya ɓuya, sai ya ɗora madubin hangen nesa da tsohuwar kyamararsa a bayan mota, ya nufi wani tudu can bayan Kuje inda fitilun gari ba sa kaiwa. Marigayiya mahaifiyarta ta yi mita har ta gaji. Nabilah kuwa ba ta taɓa binsa ba. Tana ƙarama ma haushin taurarin take ji, don sun fi ta samun hirarsa.

Wani mai gyaran agogo ne ya nuna mata wani lungu, ya ce ta nemi Madam Perpetual. Shagon ɗan ƙarami ne, cike da firam-firam na hotunan biki. Matar ta saurare ta, ta gyara tabarau.

"Fim na tauraro? Kai yarinyan Oga Lukman ne?"

"'Yarsa ce. Kin san shi?"

"Shi kaɗai ne yana tambaya wannan abu a duk Abuja. Yaya jikinshi? Last time ya zo, ya buga ƙafa da wannan benci."

"Da sauƙi," in ji Nabilah.

Perpetual ta buɗe wani ƙaramin firji, ta ture robobin zoɓo gefe, ta ɗauko kwalaye biyu ta ajiye a kan kanta. Ɗaya sabo ne fil, mai lamba ɗari takwas. Ɗayan mai lamba ɗari biyu, kwalinsa ya yi laushi saboda raɓa.

"Wannan sabo, yana da sauri. Wannan kuma Oga yana so, amma ya yi esfaya tun tuni, kuma kamfani ya daina yi. Na sa a firji, amma ka san wuta na kasuwa. Ba zan yi maka rantsuwa a kai ba."

Nabilah ta juya kwalayen. Ba ta fahimci komai a jikinsu ba. Ta ji kamar ta ɗauki kowanne ta tafi, tunda wanda za a saya wa ba zai ga abin da zai fito ba. Tunanin ya ba ta kunya. Ta fito bakin shagon ta kira shi.

"Baba, iri biyu ne. Akwai sabo mai sauri, akwai tsoho da ya wuce lokacinsa."

"Karanta mini abin da ke jiki, Uwata."

Ta karanta. Ta ji ya gyara zama, muryarsa ta ɗauki irin ƙarfin da ta daɗe ba ta ji ba.

"Mai saurin nan ɗan gudun farko ne. In ka buɗe masa kyamara, zai kwashi haske da zafi-zafi, sai ya gaji, hoton ya koma kore-kore, da tsakuwa-tsakuwa. Zai yi wa taurarin Kaza da 'Ya'yanta, don haskensu shuɗi ne. Zai ɗan kamo garken taurarin nan masu nisa da suke murɗe kamar gammo. Amma ja, ba ya ganin ja. Tsohon nan ne mai haƙuri. Kin san taurari ukun nan da ke jere? A gefensu akwai wani gajimare, ba na ruwa ba, can cikin sama. A hoto ja ne kamar garwashi."

"Amma matar ta ce ƙila ya lalace."

"Ƙila. Sai an wanke za a sani."

"To ba gara sabon ba? Aƙalla ka tabbata za ka..." Ta haɗiye sauran.

Wani ɗan acaɓa ya wuce yana danna oda, ta toshe ɗayan kunnen.

"Nabilah," ya ce. Ba kasafai yake kiran sunanta ba. "Jan nan, ban taɓa ganinsa da idona ba. Ko lokacin da nake hango sandar awo daga wancan tsauni. A madubi toka-toka yake, kamar hayaƙi. Fim ne ke zama ya tara hasken a hankali har launin ya fito." Ya yi tari. "Ƙofar likitan nan ba ta rufuwa sosai. Kunnena kuwa lafiyarsa lau."

Ta jingina da bangon shagon.

"Baba, ka yafe mini. Ban san yadda zan faɗa ba."

"Ni ma da ban sani ba. Sayo tsohon. Amma ki sani, saita madubi sai mai ido. In babu mai tuƙa ni da mai saita mini, bar wa matar kayanta, kada ya ƙarasa lalacewa a durowata."

Bai jira amsa ba, ya kashe.

Ta daɗe a tsaye. Gobe akwai taro a ma'aikata, ogansu ya riga ya yi mata magana kan yawan fita. Ga yara, ga mijinta Fu'ad da ba zai so jin zancen hanyar Kuje ba a wannan zamani. Kuma bayan duk wannan, ƙila a wanke fim ɗin a tarar da baƙi ƙirin.

Ta koma ciki. Perpetual ta dubi fuskarta, ba ta tambayi komai ba, sai ta tura mata kujera.

"Tsohon zan ɗauka," in ji Nabilah. "Ina ake wankewa?"

"Legas. Akwai mutum ɗaya, ina aika mishi ta mota." Ta naɗe kwalin a leda, ta haɗa da ƙanƙarar ruwan leda guda ɗaya. "Kar ka bari a rana."

Da ta isa gida, ta tarar da shi a baranda, kyamarar a cinyarsa. Ya karɓi kwalin, ya shinshina, ya buɗe bayan kyamarar da babban yatsa. Bai ko sunkuya ba. Yatsunsa suka ja harshen fim ɗin suka maƙala shi, ya rufe, ya murɗa har ta yi ƙara.

Sannan ya miƙa mata.

"Akwai eriya a kan benen can, ko sun cire?"

"Tana nan."

"To sa idonki a nan. Juya zoben gaban a hankali har ta fito tangaram."

Kyamarar ta fi yadda ta zata nauyi. Ta juya, eriyar ta narke. Ta mayar da zoben baya, ta zarce daidai inda za ta fito.

"Ta fito?"

"Tukuna."

"Kada ki yi sauri," ya ce. "Sake."