Rabin Injin Dogo

Shekara goma sha ɗaya Dogo kafinta ya yi yana gugar katako da hannu, alhali ga injin guga nan tsaye a tsakiyar shagonsa, ya jera masa gwangwanayen gam da kofin shayi a ka.

Injin na ubansu ne, tsohon ƙarfe mai nauyin tsiya, an kafe ƙafafunsa cikin siminti tun Dogo bai iya riƙe zarto ba. Da tsohon ya rasu, Dogo da ƙanensa Auta suka ci gaba da aiki a shago ɗaya har shekara huɗu, ba wanda ya taɓa jin kansu. Ƙofa ce ta raba su. Dogo ya auna, ya yanka, aka kai gidan mai ita, ƙofa ta ƙi shiga, ta fi gurbinta da faɗin yatsa. Sai Auta ya buɗe baki a gaban mai gida da masu fenti ya ce, "Dama Baba ya ce in riƙa bin bayan awonka, Yaya. Idon ya fara gudu." Masu fenti suka kwashe da dariya.

Washegari Dogo ya sayo kwanon rufi ya tsaga shagon biyu tun daga ƙasa har sama. Aka raba zarto, aka raba guduma, har ƙusa sai da aka raba. Inji ya faɗo ɓangaren Dogo, tunda ba ya ciruwa. Auta ya ce, "Ai injin namu ne mu biyu." Dogo ya ɗauko sufana, ya kwance moton da ke juya injin da hannunsa, ya gangara masa shi. "Ga rabonka."

Sau uku Auta yana zuwa. Na farko shi kaɗai, ya durƙusa ya ce bakinsa ne ya zame. Na biyu da dattawan coci. Na uku ya turo moton a baro har bakin ƙofa. Duk amsa ɗaya ya samu: "Na yafe a zuciya, amma kowa ya tsaya inda yake." Irin yafiyar nan da ba ta amsa gaisuwa.

Dogo ya sayi wani moto, ya ƙone cikin mako guda. Ya sake sayen wani, ya fi ƙarfin tsohon injin, yana cin katako kamar gara. Daga nan ya ce ai gugar hannu ta fi santsi, wanda ya san kaya ya sani. Ya mayar da tilas ado. Amma kafaɗa ba ta jin wannan yaren.

A bana ta kai ba ya iya sa riga sai matarsa ta ɗaga masa hannu. Ta ja shi asibiti da ƙyar. Likita ya danna nan, ya danna can, Dogo ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kare.

"Baba, jijiyar nan saura ƙiris," in ji likita. "Ka ajiye gugar nan yau, ba gobe ba. In ta tsinke, hannun ba zai ƙara wuce ƙirjinka ba."

To, ga katako arba'in jingine a shago, na bencunan coci, shi da kansa ya karɓi aikin a gaban jama'a. Tara kawai ya goge.

Da safe matar tana sa masa riga ta ce, "Baban yara, moton nan fa taku bakwai ne daga inda kake tsayuwa."

"Na ce ki bar zancen nan."

"Na bar shi shekara goma sha ɗaya. Yanzu ni ke sa maka riga, ni ke cire maka. Na samu bakin magana."

"Gwaji ne. Kowane bawan Allah da gicciyensa."

"To, Allah ya ba mu haƙuri," ta ce, ta ɓalle masa maɓalli na ƙarshe da ɗan ƙarfi. "Don ni ma ina ɗauke da gefe ɗaya, kuma ba a tambaye ni ba."

Ranar Laraba da rana ya tafi wurin Fasto. Ya same shi cikin coci shi kaɗai, yana cusa takarda ƙarƙashin ƙafar wani tsohon benci mai rawa. Fasto ba yaro ba ne, ya binne mutane da yawa, ya sasanta da yawa, fuskarsa ta mutumin da ya gaji da jin labari iri ɗaya daga bakuna daban-daban.

"Baba Kafinta, sannu da zuwa. Ka zo ganin marasa lafiyarka?" Ya buga bencin.

Dogo ya zauna a hankali, yana tallafe da gwiwar hannunsa. Ya ce so yake a sa sunansa cikin addu'ar ikilisiya ranar Lahadi, in da hali a haɗa da azumin kwana uku. Ya ce Shaiɗan ya sa shi gaba, ya kama masa hannun cin abinci, amma shi ya riƙe bangaskiya, yana ɗauke da gicciyensa ba gunaguni.

Fasto ya saurara har ƙarshe, yana murza idonsa.

"Za mu yi maka addu'a. Amma in tambaye ka, Baba. Tarin nan naka, ka gaya wa likita?"

"Wane tari?"

"Wanda ke kama ka duk Lahadi. In muna addu'ar Ubangiji lafiyarka ƙalau, muryarka har ta fi ta kowa. Da mun iso wurin da muke roƙon a yafe mana kamar yadda mu ma muke yafewa, sai tari ya sarƙe ka. Da an wuce wurin, ka warke. Shekara shida nake jin sa daga can gaba. Wanda na gada ma ya ba ni labarinsa."

Dogo ya ji kunnuwansa sun yi zafi. "Fasto, ni na yafe a zuciya."

"Zuciyar ce ta sa ka koma benci na ƙarshe don kada ka zauna kusa da Auta?" Fasto ya zauna kusa da shi, bencin ya yi ƙara. "Ka girme ni, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Akwai wahalar da ke samun mutum don ya bi Allah. Wannan tana da lada, kuma Ubangiji na kama maka gefe. Akwai kuma wadda ke samun mutum don ya ƙi bin Allah. Ita wannan ba gwaji ba ce, girbi ce. Gicciye ɗora wa mutum shi ake yi. Naka kuwa kai ka auna, kai ka yanka, kai ka buga ƙusa. Kafinta ne kai, aikin ya yi ƙarko."

"A gaban masu fenti fa ya tozarta ni."

"Ya yi laifi. Ya zo ya ce ya tuba, har sau uku. Daga ranar laifin ya tashi daga wuyansa. An ce mana in ɗan'uwa ya tuba a yafe masa, ba a ce sai in babu masu fenti a wurin ba. Yanzu kana so mutum ɗari biyu su kwana uku da yunwa suna roƙon Allah ya aiko maka daga sama abin da ke bayan kwanon rufi. Baba, ni ina jin nauyin kai wannan roƙon."

Dogo ya miƙe. Ya ce bai zo don a yi masa wa'azi ba, Lahadi ma tana zuwa. Ya ce za a ga bencuna a kan lokaci, ko da haƙori zai goge su.

"Bar bencunan," in ji Fasto. "Mun saba da masu rawa. Hannun nake ji."

Bai bari ba. Da ma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ranar Alhamis ya goge biyu, yana cije leɓe, gumi na ɗiga a kan katako. Ta bayan kwanon yana jin zarton Auta na tafiya a natse, har da ɗan fito, abin ya ƙara masa zuciya. Ranar Juma'a da hantsi yana tsakiyar na goma sha biyu, magogin ya ci karo da kulli a jikin itacen. Ya tura da ƙarfi. Wani abu ya ce ɗas a kafaɗarsa, kamar tsohuwar igiyar shanya. Magogi ya faɗi ƙasa. Shi ma ya zauna cikin ɓawon katako, ya kasa ko ihu.

Zarton Auta ya tsaya. Dogo na ganin inuwar ƙafafu biyu ta ƙarƙashin kwanon, sun matso, sun tsaya. Ba su zagayo ba. Shi ya hana su zagayowa, kuma sun ji maganarsa.

Likita bai yi faɗa ba, ya dai girgiza kai ya ɗaure hannun a wuya. Ya ce da a ce matashi ne da an gwada ɗinki, amma a shekarunsa sai dai a lallaɓa. Cokali zai riƙu. Guga kam an gama.

Kwana tara yana zaune a gida yana kallon bango. Matar ba ta ce masa ai na gaya maka ba, kuma wannan ya fi ciwo. Tana ba shi abinci, tana yi masa wanka, tana fita ta bar shi da kansa. Mutum in ya rasa wanda zai yi wa gardama, dole ya ji abin da aka daɗe ana faɗa masa. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Auta, masu fenti, Shaiɗan, kullin katako. Duk inda ya ajiye kayan sai ya ga ba su zauna ba. Hannun da ya kwance moton nan, shi ne rataye a wuyansa.

A rana ta goma ya ce a sa masa riga.

Ya wuce ƙofar shagonsa, ya ƙara taku kaɗan a bakin titi, ya tsaya a ƙofar da bai taɓa shiga ba. Auta na sunkuye yana haɗa ƙafar kujera. Ya ɗago, gudumar ta tsaya a sama.

"Yaya."

Dogo ya shirya magana mai tsawo tun daga gida, da karin magana a ciki, yadda zai fito da sauran girmansa. Duk ta zube a hanya.

"Ƙarya na yi," ya ce. "Ban yafe ba. Ko sau ɗaya. Yanzu na yafe, in bai yi latti ba. Kai ma ka yafe mini."

Auta ya ajiye guduma. Ya goge hannunsa a wando, ya sake gogewa, ya rasa inda zai kama tunda hannun dama a ɗaure yake. Ƙarshe ya kama na hagu da hannu biyu.

"Ya wuce, Yaya. Zauna."

Moton na kusurwa, lulluɓe da tsohon buhu. Auta ya yaye, sai ƙyalli yake. Ashe duk wata sai ya zuba masa mai, ya kunna shi ya yi ɗan gudu, ya kashe. Suka sa shi a baro, Auta na turawa, Dogo na biye. Mai walda na tsallaken titi ya ɗage gilashinsa ya bi su da kallo, baki buɗe.

Suka sauke gwangwanayen gam. Auta ya ɗaura moton a mazauninsa, ƙusoshin suka shiga ramukansu kamar jiya aka cire su. Ya sa bel ɗin da ke haɗa moton da injin, ya ja ya ji tauri. Ya dubi wansa. Dogo ya danna makunni da hannun hagu.

Moto ya yi gurnani. Bel ya yi ƙugi, ya fara hayaƙi. Injin ko motsi.

Auta ya kashe da sauri, ya buɗe murfin. Sandar da wuƙaƙen ke jiki ta zama abu ɗaya da gidanta. Tsatsa ce ja wur, ga tsohon gam da ya tsiyaya shekara da shekaru ya daskare a kai, ga ruwan da rufi ke ɗigowa duk damina. Suka zuba mai, suka jira. Auta ya buga da guduma a hankali, ya buga da ƙarfi. Aka kira mai walda, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Allah ya ji ƙan wannan. Sai dai masu sayen tsohon ƙarfe."

Dogo ya zauna a kan katakon da bai gama ba. "Kai ka kula da naka rabin," ya ce. "Ni na kashe nawa."

Auta ya sunkuya ya tsinci magogin daga cikin ɓawon katako inda ya faɗi, ya duba bakinsa a haske, ya ɗan daidaita shi.

"Nawa suka rage?"

"Ashirin da tara, har da wannan da nake zaune a kai."

"To, ɗaga. Ka danne mini can ƙarshen da hagu, kada ya zame."

Dogo ya tashi ya danne. Auta ya sunkuya ya fara turawa, ɓawo na naɗewa yana zuba, kansa na zuwa dab da ƙirjin wansa yana komawa. A lokacin ne Dogo ya ga kan sosai. Rabonsa da ya dube shi kusa haka tun gashin yana baƙi ƙirin.

"Kai, Auta. Wannan furfurar fa, tun yaushe?"

"Ta daɗe, Yaya," in ji shi, bai ɗago ba. "Danne da kyau."