Gaisuwar da Inna Larai Ba Ta Je Ba

A ƙauyenmu na bayan Makoɗa, ka taka wa mutum shuka zai haƙura, amma ka ƙi zuwa masa gaisuwar mutuwa, to ka jawo wa kanka.

Da mijin Aina'u ya rasu, har daga Ɗanbatta an zo. Inna Larai kuwa, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda gona ɗaya ce tsakanin gidajensu, ko leƙowa ba ta yi ba. Mata suka ce ai tun da ɗanta ya samu aiki a Kano take jin kanta. Zumunci a ƙafa yake, sai su ma suka ɗauke tasu.

Ita kuma ga zurfin cikin tsiya. Ka tambaye ta jiki, ta ce alhamdulillahi. Surukarta ta ajiye mata koko ta tafi cirar gyaɗa, ita ta yini a ƙofar ɗaki daga ita sai kaji. Kaɗaici ya ishe ta, kewar Aina'u ta fi komai cin ranta, amma ba ta aika ba.

Bayan Aina'u ta fita takaba, wata ma'aikaciyar lafiya, Zulaihatu, ta zo duba tsofaffi, ta ga tashinsu da tafiyarsu. Mai unguwa ya haɗa ta da Aina'u ta nuna mata gidaje. Da suka iso gidan Larai, Aina'u ta toge a zaure, ta ce nan za ta jira.

Zulaihatu ta durƙusa ta gaishe da tsohuwar, ta ce, "Inna, ki miƙe ba tare da kin dafa komai ba, ki taka zuwa rumbun can."

"Lafiyata ƙalau, 'yar nan."

"Na sani, Inna. Kowa ma sai da ya gwada."

Larai ta yunƙura daga kan kujerarta. Gwiwoyin suka ɗau rawa, ta koma. Ta sake, ta koma. Sai ta tsura wa rumbun ido.

"Kin taɓa faɗuwa?" in ji Zulaihatu.

"A zauren can. Na yafa mayafi zan je wa ƙawata gaisuwa, ƙafar ta ƙi. Kowa yana gidan makoki. Sai da na ja jiki na dawo."

"Me ya hana ki faɗa, Inna? Da an fara miki magani da motsa jiki tuni."

"A ce Larai ta zama kaya?"

Duk maganar nan ana jin ta daga zaure. Can sai ga Aina'u ta shigo. Ta cire takalmi, ta zauna a bakin tabarma, ba ta ɗago kai ba.

Larai ta gyara ɗankwali, ta juyo wajenta.

"Aina'u, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

"Haƙuri da godiya," in ji Aina'u.