Mai Zama a Ƙirjin 'Ya'yan Talle

Husseina ta fizge tabarmar daga hannun mijinta ta wurgar tsakar gida.

"Maigida, ko allura ba za mu ɗauka daga gidan nan ba."

Wahabu bai musa ba. Ina bakin musu? Gidan ubansa Talle, mahaucin unguwar Didaure a Sokode, ya cinye mazansa kaf. Talle ya kife a kan teburin nama. Mumuni, yayan Wahabu, ya tafi yana cikin alwala, ko furfura ɗaya bai yi ba. Ɗan'uwansu Huseini ma haka, da rana tsaka, loma a hannu. Kowannensu magana ɗaya ya yi kafin ya cika: "Wa ya zauna mini a ƙirji?" Saura Wahabu, ga shi ya fara yawan murza hannun hagu.

Ta riga ta ja shi asibitin Sokode. Likita Bafaranshe ya ɗora masa robar awo a ƙirji, tafinta na juya magana.

"Ya ce ciwon zuciya na ƙasarsu ne, na attajiran da suka tsufa. Mu nan zazzaɓi ke kashe mu."

Kinin aka ba su, maganin zazzaɓi. Kinin! Kamar ta kwaɗa wa likitan kwalbar.

To, in ba ciwo ba ne, ai mai zaman nan a gidan yake. Tsofaffin unguwa suka ce a bar masa kayansa duka a haye ruwa, ba ya bin mutum ƙetare.

Haka suka hau kamiyon goro, babbar motar kaya, zuwa Dapango, ita da tsohon cikinta, shi da sabuwar riga. A kogin Oti ta sa shi ya wanke ƙafa, ta hana shi waiwaye. Tsoro dai bai sake ta ba.

Mahautan Dapango suka karɓe su hannu biyu, aka ba su ɗaki. Sarkin pawa ya aiko da rabon baƙo, kitse ya sha gishiri, irin wanda gidan Talle ke karyawa da shi kullum. Wahabu ya ci ya siɗe hannu, har da dariya. Rabonta da jin dariyarsa tun jana'izar Huseini. Sai a lokacin ranta ya yi sanyi.

Da la'asar tana shara ya kira ta.

"Husseina."

"Na'am, Maigida."

"Me kika ɗauko?"

"Wallahi ban ɗauko komai ba!"

Ya dube ta, gumi na tsiyaya, hannunsa a ƙirji. "To wa ya..."

Bai ƙarasa ba ya kife.

Kafin maƙwabta su shigo ta bi ɗakin da kallo. Tukunyar aro ce, tabarmar ma ta aro. Duk ɗakin babu abin da ya fito daga gidan Talle sai wanda ke kwance.

Sai cikin ya motsa. Dama ungozomar Didaure ta ce mata namiji ne.