Ruwan da Aka Wanke

Ang Bun-tiong ya ɗebo ruwa a kofin gilashi daga tankin 'ya'yan kifi, ya ɗaga shi wajen haske. Ga su nan sirara kamar gashin ido, cikinsu dam, amma rabinsu sun kwanta a gindin kofin.

"Sun ci fa, Baba," in ji ɗansa A-Kun. "Dubi cikinsu."

"Tato min ƙwarin."

A-Kun ya nufi kududdufin bayan gida, inda suke kiwon ƙananan ƙwarin ruwan da jariran kifin ke ci. Bun-tiong ya sa ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙwaron da ya ƙoshi, hanjinsa kamar koren zare yake. Waɗannan kuwa fari fat, babu komai a ciki. Ɓawo kawai kifin ke haɗiya.

Ya san mafarin abin. Da kashin kaji ake ciyar da kududdufin har ya yi kore, ya yi wari, gansakukar da ƙwarin ke ci ta yalwata. Makon jiya aka ce iyayen Siok-hun, yarinyar da A-Kun ke nema, za su zo ganin gidan, uban kuma ya ce ba zai ba da 'yarsa ba sai ya ga sana'ar na riƙe mutum. Tunanin warin ya hana Bun-tiong sakat. Shi ya roƙi yaron ya baro aikinsa a birnin Kaohsiung, ba zai bari wari ya kore masa mata ba. Ya zubar da koren ruwan, ya buɗe na teku ya cika kududdufin.

"A sayo ƙwarin wajen maƙwabcinmu Kawu Tek mana," in ji A-Kun.

"Ruwan sama ya kashe nasa. Na kowa ma."

"Kafin namu ya sake yin kore fa?"

"Jaririn kifi ba ya jira."

A-Kun ya yi wata 'yar dariya. "To, ko banza mun huta da wari."

Aka yi hon a waje. Kho, uban yarinyar, ya shigo yana taunar binlang, irin goron ƙasar, bakinsa jawur, matarsa na biye.

"Yaya Ang! An ce gidan mai kifi sai da toshe hanci. Matar nan har turare ta sako a jaka."

"Kai dai bakinka ba ya riƙe magana," in ji ta.

Kho ya leƙa kududdufin. "Kai! Har ƙasa ake gani. Gidan nan akwai tsabta. To ina kifin?"

Bun-tiong ya dubi ɗansa, ɗan ya sunkuyar da kai. Sai Bun-tiong ya rufe gindin kofin da tafin hannunsa, ya ɗaga shi sama.

Kho ya matso, ya ƙanƙance ido. "Dubi tumbi! Tsohuwa, zo ki ga. Waɗannan sun fi ni ƙoshi."

Suna dariya wani jaririn kifin ya daina motsi, ya yi ƙasa a hankali, ya shige bayan yatsun Bun-tiong.

"Mu shiga ciki," in ji Bun-tiong, "shayi zai huce."