Lambar da Na Canja a Motar Mazin

Shekara ashirin da bakwai ina haɗa wayar mota a garejina da ke Ibri, amma ranar da ɗana Mazin ya kawo sabuwar ƙwaƙwalwar mota, na'urar da ke sarrafa inji, daga Dubai, tsayawa na yi ina kallonta kamar baƙo. Motarsa yake shiryawa don gasar hawan tudun yashi. Bara a kan idona wata mota ta kife a tudun, aka sauko da ɗan mutane a lulluɓe. Na roƙi Mazin ya haƙura, mahaifiyarsa ta yi kuka, bai fasa ba.

Sai na ce ni zan haɗa wayar. Injekta shida ne, masu fesa mai cikin injin, kowace da waya biyu, ɗaya ta wuta, ɗaya zuwa ƙwaƙwalwar. Kwana uku na yi a kansu. Shi yana gefe da kwamfuta a cinya, yana tsokanata.

"Baba, wannan fa ba kafireto irin ta tsofaffin motoci ba ce, ba a busa ta da baki."

"Da bakin nan na ciyar da kai, ɗan nema."

Yana dariya ya nuna mini wani gurbi da ya rubuta dubu ɗaya. Ya ce lambar ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar girman injekta. In aka ƙara ta, sai ta ɗauka manya ne, ta rage man da take sakewa. Da ya fita sayo mana shayi, na mayar da ita dubu ɗaya da ɗari uku. A tunanina, mota in ba ta ƙoshi da mai ba sai ta yi sanyi. Zai kasa kai rabin tudu, ya sauko da kunya, amma da ƙafafunsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya hau. Motar ba ta yi sanyi ba. Ta wuce rabi tana kururuwa, sai ga wata ƙara, farin hayaƙi ya turnuƙe, ta fara zamewa baya. Da kyar ya sauko da ita. Fistan biyu a cikin injin sun narke. Ashe irin wannan injin, in mai ya yi masa kaɗan, zafi yake ɗauka har ya cinye kansa. Ban sani ba.

Kwana biyu Mazin bai ci abin kirki ba. Kansa yake zargi, yana cewa shi ya yi kuskuren lissafi. Da wani abokinsa ya ce a duba wayar, ya ce aikin babansa ba ya buƙatar dubawa. A rana ta uku, muna shan gahawa da safe, na faɗa masa ni na canja lambar.

Ya ajiye dabinon da ke hannunsa.

"Da ya kama da wuta ina ciki fa, Baba?"



Da azahar babbar mota ta zo ta ɗauki tasa zuwa wani gareji a Sohar. Kafin su tafi ya cire wayar da na haɗa, ya naɗe ta da kyau, ya ajiye mini a kan tebur. Har yanzu yakan zo gida, yana gaishe ni, amma ba ya zancen mota a gabana. Saura wata biyu a sake gasar. Jiya na tambaye shi wa ke haɗa masa wayar yanzu.

"Wani ne, Baba. Ba ka san shi ba."