Gashin Bakin Caudhri Mushtak

Barkat na cikin tsamo yadi daga tukunyar rini sai ya ga kowa ya bar aiki yana kallon bayansa. Ya juya. Caudhri Mushtak, sabon shugaban sashen rini, na tsaye yana faɗa, jijiyar wuya ta tashi. Me yake cewa? Allah masani. Gashin bakin nan nasa, baƙi wuluk, ya sha mai, ya zubo ya rufe leɓe kamar labule. Motsinsa kawai kake gani.

A bakin Nazir, abokin aikinsa, ya tsinci maganar.

"Kawu, shuɗi ya ce, ka zuba kore. Wai in ka ƙara, ka ajiye musu aikinsu."

Injinan saƙar wannan masana'anta ta birnin Faisalabad ne suka cinye wa Barkat kunne, shi ya sa aka dawo da shi rini. Abin bai taɓa damunsa ba. A leɓe yake karanta magana, tsohon shugaban kuwa kullum fuskarsa a aske take. Na'urar kunne ya gwada, amma da ta sha tururi sai ta kama ƙugi.

Da aka tashi shan shayi ya ja ƙafa ya hau bene wurin Madam Shagufta, mai kula da ma'aikata.

"Zauna, Baba. Me ke tafe da kai?"

"'Yata, abu kaɗan ne. Caudhri ya riƙa fuskantata in zai yi magana."

"Wannan ai mai sauƙi ne."

"Sannan ya ɗan rage gashin bakin. Daidai leɓe kawai."

Ta ajiye kofin shayinta, ta dubi ƙofa.

"Baba, so kake a kore mu tare? Mutumin da in zai rantse gashin bakinsa yake shafawa? Ka san a ƙauyensu wanda za a wulaƙanta ake aske wa."

"Na sani. Amma ni ma bakin nan nasa shi ne kunnena."

Ta yi ajiyar zuciya. "Zan gaya masa. In ta ɓaci, ban san ka ba."

Kafin ya sauko labari ya riga shi.

"Ga wanzami ya iso!" in ji Nazir. "Kawu, ina almakashin?"

Barkat ya ga dariyar ma'aikata, bai ji ta ba. Ya koma gaban tukunyarsa, gwiwoyi na ciwo. Kurma mai furfura, wace masana'anta za ta ɗauka? Ya yi ta juya yadi yana jiran a kira shi sama.

Ba a kira shi ba. Dab da tashi, Caudhri da kansa ya shigo, ya tsaya a gabansa. Ya ɗaga hannu biyu, ya kama gashin bakin dama da hagu, ya murɗe shi sama, yadda 'yan kokawa ke yi in sun kira abokin karawa. Ma'aikata suka ja da baya. Kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan.

Sai ga leɓe ya fito fili, siriri, ga giɓin haƙora biyu a gaba. Barkat ya yi kamar bai ga giɓin ba.

"Tsohon jaki," in ji Caudhri, a hankali, kalma bayan kalma. "Shuɗi. Gobe ma shuɗi. Ka gane, ko sai na aske maka gemu ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

Caudhri ya saki gashin, labule ya rufe, ya juya ya fita.

Nazir ya matso, wasa ya bar fuskarsa. "Yi haƙuri, Kawu. Ya ci mutuncinka a gaban kowa."

Barkat ya san daga yau haka kowane umarni zai riƙa zuwa, da murɗa gashin baki, da zagi a bainar jama'a.

"Jaki ya ce, ko?"

"Jaki ya ce."

"To, daidai na ji."

Ya sunkuya da ƙyar, ya jawo bokitin shuɗi.