Sunan da Yaya Lauratu Ba Ta Faɗa

Yayata Lauratu ba marowaciya ba ce, amma abin da ba za ta iya taɓawa da hannu ba, ko kwabo ba ta sa masa. Shagonmu na ɗinkin kayan amare a Gumel ƙofar ƙarfe gare shi, da kwaɗo uku, da maigadi. Shafin shagon na intanet kuwa, inda yawancin cinikinmu yake shigowa, Allah kaɗai ke gadinsa.

Ta shafin nan amare daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suke turo mana awonsu. In an aika musu kaya sun gwada, sai su ɗauki hoto a ɗaki, ba mayafi ba ɗankwali, su turo mu ga inda za a rage. Hotuna ne da ko angon bai kai ga ganinsu ba.

Nana Firdausi, mai shagon kwamfuta a layinmu, sau biyu tana zuwa a kan ta gyara mana tsaron shafin, a riƙa biyanta wani abu duk wata. Yaya ta ce, "Haba Nana, in biya ki kuɗin gadin iska? Kalmar sirrina, shekara talatin ba mahalukin da ya ji ta a bakina." Na sa baki, ta ce in ji da ɗinkin da ke gabana. Na koma kan ɗinkina, amma raina ya ɓaci.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗanta na fari ya zo gaisuwa kamar yadda ya saba. Dillalin shanu ne a Maigatari, a Gagarawa ya tashi wurin kakarsa. Yaya dai 'yar alkunya ce ta gaske: ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan", kuma in ya durƙusa gaishe ta, keken ɗinki take amsa wa. Ya taɓa tambayata, "Inna Husaina, anya Hajiya tana tunawa da ni in ba na gabanta?" Na ce masa kunya ce. Ya ce to, amma na ga bai gamsu ba.

Yana zaune bakin ƙofa waya ta yi ƙara. Mahaifiyar Ummi ce, wata amarya 'yar gidan malamai a Sule Tankarkar, saura kwana tara bikinta. Ta ce an turo wa Ummi saƙo daga shafinmu, wai ta ƙara ɗaukar hoto, wannan karon ba rigar sama, don awo ya fito daidai.

"Hajiya, ke kika rubuta wannan?"

Ba mu muka rubuta ba. Wani ƙato ne yake zaune cikin shafinmu yana magana da sunanmu, hotunan 'ya'yan mutane kuma suna gabansa. Yaya ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana salati. In hoton yarinyar nan ya fita, auren ya mutu, mu kuma ba uwar da za ta sake yarda da mu. Ni kaina tsoro ya kama ni, ko takalmi ban sa ba na ruga na kira Nana.

Nana ta buɗe kwamfutarta ta ce, "Hajiya, mece ce kalmar sirrin?"

Yaya ta sunkuyar da kai. "Ba zan iya faɗa ba."

"Yanzu ba lokacin ɓoye-ɓoye ba ne, Hajiya."

"Ba ɓoyewa nake yi ba. Ba na faɗarta ne."

Nana ta dube ta, ta dubi wanda ke zaune bakin ƙofa, ta rubuta sunansa, Abdurra'uf. Shafi ya buɗe.

"Hajiya, duk Gumel wa bai san sunan da ba kya faɗa ba?" in ji Nana. "Har a bayan motarsa rubuce yake."

Don haushi har dariya ta so kama ni. Yaya a tata dabarar, tunda bakinta bai taɓa furta sunan ba, to ya zama sirri ke nan.

Nana ta kori baƙon daga shafin, ta sa doguwar kalma sabuwa, ta haɗa yadda ba mai shiga sai da lambar da za a turo wayar Yaya, sannan muka goge hoton duk amaryar da aka gama aikinta. Yaya ta ce, "Ya kwafi wani abu?" Nana ta ce, "Kwana biyu ya yi a ciki. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba."

Yaya ta miƙe ta yafa mayafi. Ta ce wannan magana ba ta waya ba ce, da ƙafarta za ta je ta faɗa wa iyayen Ummi gaskiya. Mun je, sun ji, sun kuma yafe. An yi biki lafiya, har yau ba hoton da ya fita. Nana kuwa yanzu duk wata ita ake fara sallama kafin maigadi.

Amma abin da ya tsaya mini a rai a hanyar ya faru. Abdurra'uf ne ya ɗauke mu a motarsa. Mun yi nisa, can sai ya ce a hankali, "Hajiya, tun yaushe kike sa sunana?"

Yaya ta juya tana kallon gonaki ta taga. "Husaina, ce masa ya kalli hanya."

Na ɗauka shi ke nan. Sai da muka hango Sule Tankarkar ta ce, har yanzu fuskarta na wajen taga, "Shekara shida. Kullum da safe, da shi nake buɗe shago."

Ya rage gudu, ya ciro hularsa ya share fuska da ita, ya ci gaba da tuƙi.